Ku Tambayi Likita: Jinin jariri da ƙwayoyin da ke tsayar da shi

Wasiƙu shida muka zaɓo a wannan fitowa, kuma dukkansu sun haɗu a kan 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin jinin nan da ake kira filatilet, masu toshe rauni idan jijiya ta fashe, da yadda suke aiki a jikin sabuwar haihuwa. Mun taƙaita tambayoyin, likitocin yara da na jini masu kula da wannan fili suka amsa.

An koya mana a aji cewa filatilet ɗin jariri ba ta da kuzari kamar ta babba. To me ya sa idan muka soki dunduniyar jariri jinin yake tsayawa nan take? (Ɗalibar makarantar ungozoma, Katsina)

Malama, abin da aka koya muku gaskiya ne, abin da idonki ya gani ma gaskiya ne.

Filatilet ɓantare ce da ke ɓallowa daga wata babbar ƙwaya a cikin ɓargo mai suna megakariyosait. Tana yawo a jini kwana 7 zuwa 10 kafin saifa da hanta su kawar da ita, kuma a kowace mikrolita ɗaya ta jini akan sami 150,000 zuwa 450,000. Idan jijiya ta tsage, sai ta manne a bakin raunin da taimakon wani furotin mai danƙo da ake kira von Willebrand. Daga nan ta farka: ta sauya siffa, ta miƙo 'yan yatsu, ta zazzage sinadaran da ke cikin 'yan jakunkunanta don kiran 'yan'uwanta. Su taru su rungumi juna su zama toshi, zaren fibirin, wanda ke daskarar da jini, ya zo ya ɗaure.

A wajen yawa, jariri da babba kusan ɗaya suke, domin tun wajen mako 22 na ciki adadin ya kai na manya. A wajen farkawa ne suka rabu. Idan aka ɗebi jinin cibiya aka zuba masa sinadaran da ke tayar da filatilet, amsar takan zo da rauni, kuma kowane sinadari da dalilinsa. Ga adirenalin da tirombin, ƙofofin karɓar saƙo da ke jikin ƙwayar ne ba su da yawa. Ga kolajin, wato zaren bangon jijiya da rauni ke tonowa, saƙon yana shiga amma kalsiyam ɗin da ya kamata ya taso a cikin ƙwayar ba ya tasowa sosai. Sannan sinadarin furostagilandin, wanda aikinsa shi ne ya ce wa filatilet ta kwanta, ta jariri ta fi ta babba jin maganarsa. Tana da nauyin kunne ga mai kira, da saurin ji ga mai hani. A wajen bakwaini abin ya fi tsanani. A jaririn da ya cika wata tara, kuzarin yana ƙaruwa sosai cikin mako biyu zuwa huɗu na farko.

Jinin yana tsayawa da wuri ne saboda abubuwan da ke kewaye da filatilet sun rufa mata asiri. PCV, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini, na babba yakan tsaya wajen kashi 40 zuwa 45, na sabuwar haihuwa kuwa yakan kai 50 zuwa 60, kuma jajayen ƙwayoyinsa sun fi na babba girma. Jajayen ƙwayoyi tsakiyar jijiya suke bi, kamar manyan motoci a kan titi, suna ture filatilet zuwa gefe, daidai bangon da ake buƙatarta. Furotin von Willebrand ma ya fi yawa a jinin jariri, kuma zarensa ya fi tsawo da danƙo. Da aka auna lokacin da jini ke ɗauka kafin ya tsaya, sai aka ga na lafiyayyen jariri ya fi na babba gajarta.

Likita Maureen Andrew ta jami'ar McMaster a Kanada ce, a binciken da ta wallafa a 1987 da 1988, ta nuna cewa haka dukkan tsarin yake. Sinadaran daskarar da jini masu dogaro da bitamin K, wato na 2 da 7 da 9 da 10, wajen rabin na babba ne a ranar haihuwa. Masu hana daskarewa, irin su antitirombin da furotin C, su ma ƙasa suke. Sikeli ne da aka rage wa nauyi ta ɓangarorin biyu, kuma yawancinsu ba sa kusantar na manya sai wajen wata shida. Masana da yawa suna ganin, mu ma haka muke gani, cewa sanyin filatilet kariya ce: jini mai kauri haka, da danƙo haka, in da an haɗa masa da filatilet mai zafin nama, da gudan jini ya toshe ƙananan jijiyoyi.

Abin da zai amfane ki a ɗakin jarirai shi ne ki san abin da ke karkatar da sikelin. Bakwainin da PCV ɗinsa ya faɗi ƙasa da 28 ya rasa masu tura masa filatilet gefe, jininsa yakan jima bai tsaya ba. Maganin indometasin da ake bayarwa don rufe jijiyar da ke kusa da zuciya, da amfisilin, su ma suna tsawaita zubar jini.

An haifa mini ɗa a mako 30, yana cikin kwalba. Sun ce filatilet ɗinsa 38,000 ce. Na ce a ɗebi jinina a ƙara masa, likitoci suka ce a dakata. Ba sakaci ba ne wannan? (Wani uba, Kano)

Malam, Allah ya ba shi lafiya, ya raya shi. In dai yaron ba ya zubar da jini kuma ba a shirin yi masa aiki, dakatawar nan ita ce abin da ilimin yau ya nuna.

Shekaru da yawa likitoci suna saurin ƙara wa bakwaini filatilet don gudun zubar jini a ƙwaƙwalwa. Tun a 1993 wani gwaji a Kanada, kan bakwaini 152, ya nuna ƙarin da wuri bai rage wannan zubar ba. Sai babban gwajin da ake kira PlaNeT-2, wanda aka yi a Birtaniya da Ayaland da Holan aka wallafa a 2019. An ɗauki jarirai 660 da aka haifa kafin mako 34, aka raba su biyu. Rukuni ɗaya ana ƙara musu da zarar adadin ya sauka ƙasa da 50,000, ɗayan kuma sai ya sauka ƙasa da 25,000. Cikin kwana 28, kashi 26 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa ƙarin da wuri sun rasu ko sun yi mummunar zubar jini, a ɗaya rukunin kuwa kashi 19. Ciwon huhun bakwaini mai daɗewa ma ya fi yawa a rukunin farko. Da aka sake duba yaran suna shekara biyu, rasuwa ko tawayar girma ta shafi kashi 50 na rukunin farko, da kashi 39 na ɗayan.

Dalilan da ake dangantawa da wannan suna da ma'ana. Duk filatilet da ke bankin jini ta babba ce, mai zafin nama, kuma za a zuba ta ne cikin jinin da aka daidaita shi don mai sanyi. An gwada haɗa su a ɗakin bincike, aka ga jinin yana saurin daskarewa fiye da kima. Filatilet kuma tana ɗauke da sinadaran kumburi da ke iya taɓa huhu da hanjin da ba su gama ƙwari ba. Ga kuma yawan ruwan: ana ba jariri mililita 10 zuwa 15 a kan kowane kilo na nauyinsa, wajen ninki uku na abin da babba ke samu a kan kilo. Jinin bakwaini duka bai wuce mililita 90 zuwa 100 a kan kilo ba, don haka ƙari ɗaya ya kai kusan kashi ɗaya cikin shida na jininsa, kuma jijiyoyin tsakiyar ƙwaƙwalwarsa ba sa son hawa da saukar matsi. Rashin ƙwarin waɗannan jijiyoyi ne babban sanadin zubar, shi ya sa akasarinta ke faruwa a kwana uku na farko, har ga jariran da adadinsu lafiya lau.

Ma'aunin da asibitoci da yawa ke bi yanzu shi ne a yi ƙari idan adadin ya gaza 25,000 ko da babu zubar jini, ko ya gaza 50,000 ga mai zubar jini ko wanda za a yi wa aiki, ko ya gaza 100,000 ga mai mummunar zubar jini ko babban aiki. A lura, gwajin nan bai ɗauki jaririn da ya yi mummunar zubar jini cikin sa'o'i 72 da suka gabata ba, don haka irinsu hukuncinsu daban.

Game da jininka, niyyarka mai kyau ce, sai dai akwai abin lura. Ledar jini da aka sa a firiji ba ta da filatilet mai amfani sosai. Filatilet ware ta ake yi, a ajiye a zafin digiri 20 zuwa 24, ana jijjiga ta ba tsayawa, kuma kwana biyar take yi. Jinin dangi na kusa kuma sai an haska shi da wata na'ura kafin a ba jariri, don kada fararen ƙwayoyin mai bayarwa su far wa jikinsa. Abin da ya kamata ka tambayi likitan: me ya saukar da adadin, yana hawa ne ko yana sauka, kuma an yi hoton ƙwaƙwalwa ta maɗiga?

Na yi hawan jini da cikin nan, an ɗora ni a kan ƙaramin asfirin. 'Yata ta zo da ƙaramin jiki. Rana ta biyu filatilet 95,000, rana ta huɗu 70,000. Maganin ne ya jawo? (Mai jego, Maraɗi)

'Yar'uwa, barka da arziki. Ƙaramin asfirin da ake bai wa mai ciki don kare ta daga jijjiga ba ya rage yawan filatilet ɗin jariri, kada ki zargi kanki. Hawan jinin ne da kansa. Idan mabiyiya ba ta isar da iska da abinci yadda ya kamata ba, jikin ɗan tayi yakan karkata ga ƙera jajayen ƙwayoyi, ƙirar filatilet ta ja baya. Megakariyosait ɗin jariri kuma ƙanana ne, kowace tana fitar da filatilet kaɗan. Idan buƙata ta taso, na babba suna ƙara yawa su ƙara girma, na jariri kuwa yawa kawai suke iya ƙarawa, don haka cike gurbi yakan ɗauke shi lokaci.

Irin wannan saukar tana da tafiyar da aka san ta da ita: ta bayyana cikin sa'o'i 72 na farko, ta kai ƙarshen sauka wajen rana ta huɗu ko ta biyar, ba kasafai take gaza 50,000 ba, sannan ta dawo daidai cikin kwana 7 zuwa 10 ba tare da magani ba. Lambobin 'yarki sun bi wannan hanya. Abin da ake yi shi ne a riƙa maimaita gwajin har a ga ya juyo. Idan ya gaza 50,000 ko ya wuce kwana goma bai hau ba, sai a nemi wani dalilin, kamar cutar da aka ɗauka tun a ciki, irin su tunjere da ƙwayar cutar CMV da zazzaɓin cizon sauro.

Saukar da ta fi ba mu tsoro ita ce wadda ta fara bayan kwana uku, ta faɗi da sauri cikin yini ɗaya ko biyu. Wannan galibi alama ce ta ƙwayar cuta a jini ko ruɓewar hanji. Idan yarinya ta ƙi kama nono, jikinta ya yi sanyi ko zafi, cikinta ya kumbura, ta yi amai kore, ko aka ga jini a kashinta, ko numfashinta yana ɗaukewa, a sanar da ma'aikata a lokacin, ko da tsakar dare ne. Ki ci gaba da ba ta nononki, domin yana rage haɗarin ciwon hanjin nan.

Sau da yawa na'ura tana ba mu adadi ƙasa sosai a jinin jarirai, a sake ɗiba a ga lafiya lau. Ina matsalar? (Ma'aikacin ɗakin gwaji, Gusau)

Akasari a wajen ɗiba take. Jinin jariri yana saurin yin 'yan gudaji, kuma kowane gudaji yana cinye dubban filatilet kafin samfurin ya iso gare ka. Idan daga dunduniya ne, a ɗumama ƙafar, a soki gefe, zurfin kada ya wuce milimita 2, a goge ɗigon farko, kada a matse da ƙarfi. A fara cika kwalbar EDTA mai murfin shunayya kafin sauran, a cika ta zuwa layi, a juya ta a hankali sau 8 zuwa 10 nan take. Kafin ka saki sakamakon da ya gaza 100,000, ka duba ko akwai gudaji, ka shimfiɗa jinin a gilas ka leƙa gefuna da wutsiyarsa. Idan ka ga filatilet a dunƙule, a sake ɗiba daga jijiya. In ta sake dunƙulewa, a yi amfani da kwalbar sitiret mai shuɗin murfi, ka ninka sakamakon da 1.1. Amma idan jaririn yana da ɗige-ɗigen jini a fata ko yana zubar da jini, ka kira likita da sakamakon farko, kada ka jira na biyu.

Jikana ya cika wata tara, ƙato, yana shan nono. Washegari muka ga jajayen ɗige-ɗige a duk jikinsa, aka ce filatilet 12,000. Uwarsa kuwa nata lafiya lau, kuma haihuwar fari ce. (Wata kaka, Zariya)

Hajiya, wannan ba abin jira ba ne. Lafiyayyen jariri da ya cika wata, da adadi ƙasa haka a ranar farko, da uwa mai lafiyayyen jini, abin da likita zai fara zato shi ne saɓanin filatilet tsakanin uwa da ɗa. Yaron ya gaji wata alama a jikin filatilet ɗinsa daga uba, wadda uwar ba ta da ita. Garkuwar jikinta ta ɗauke ta baƙuwa, ta ƙera mata makamai, makaman suka ratsa mabiyiya suna lalata filatilet ɗin yaron. Ya yi kama da matsalar Rhesus da mutane suka fi sani, sai dai wannan tana iya kama cikin fari. Ana samunta a wajen haihuwa ɗaya cikin 1,000 zuwa 2,000, kuma cikin masu tsanani, kashi 10 zuwa 20 suna zubar da jini a ƙwaƙwalwa, wasu tun suna ciki.

A nan ƙarin filatilet wajibi ne, kuma cikin gaggawa. Idan akwai wadda ta dace da ta uwar, ita ta fi. Idan babu, a ba da wadda ake da ita, ba a jira. Ta uba kam ba a bayarwa, tunda ita ce ke ɗauke da alamar da ake yaƙa. Akan haɗa da ruwan garkuwa na IVIG, giram 1 a kan kilo, a yi hoton ƙwaƙwalwa, a guji allurar tsoka har adadin ya hau. Makaman uwar suna ƙarewa da kansu, yawanci adadin yana daidaita cikin 'yan makonni. Babu laifin uwa ko uba a ciki, kuma tana iya shayarwa. Abin da ba za a manta ba shi ne ciki na gaba, domin matsalar tana yawan maimaituwa. Ta fara awo da wuri a babban asibiti, ta faɗi wannan tarihi, don akwai IVIG da ake yi wa uwa mako-mako.

Da uwar ce mai ƙarancin filatilet na ITP, wato wanda garkuwar jikinta ke lalata filatilet ɗinta da kanta, da hankali ya fi kwanciya: wajen jariri ɗaya cikin goma ne ke gaza 50,000, zubar ƙwaƙwalwa kuma ba ta cika wuce ɗaya cikin ɗari ba. Duk da haka ana gwada jinin cibiya, a maimaita tsakanin rana ta biyu da ta biyar, lokacin da ya fi sauka.

A gida aka haifi ɗan ƙanwata. Da wanzami ya cire masa beli, jini ya ƙi tsayawa sai da aka kai shi asibiti. An gwada filatilet an ce ba matsala. To mene ne? (Wani mai karatu, Damagaram)

Malam, mafi kusa shi ne ƙarancin bitamin K. Filatilet tana yin toshin farko, amma sai zaren fibirin ya ɗaure shi, kuma hanta ba ta iya ƙera sinadaran da ke saƙa zaren sai da wannan bitamin. Kaɗan ne ke ratsa mabiyiya, nono ma ba shi da shi da yawa, hanjin jariri kuma bai tara ƙwayoyin da ke samar da shi ba. Sinadaran da dama rabi ne sai su ƙara sauka tsakanin rana ta biyu da ta bakwai, daidai kwanakin da ake cire beli da yin tsaga da askin suna. Akwai kuma nau'in da ke zuwa daga mako na biyu zuwa 'yan watanni, wanda ya fi zuba a cikin ƙwaƙwalwa ba tare da gargaɗi ba.

Allura ɗaya ce a cinya, miligiram 1, ranar haihuwa, take kare wannan. Duk jaririn da aka haifa a gida a kai shi asibiti a ranar ko washegari, a roƙi allurar da sunanta. Cire beli kuwa, muna faɗa da girmamawa ga iyaye da wanzamai, ba ya maganin komai, kuma yana jawo zubar jini da ƙwayar cuta da sandarewar wuya. Idan kuma akwai maza a dangin uwa da jininsu ba ya tsayawa bayan kaciya, a faɗa wa likita don a gwada hemofiliya, ita ma filatilet lafiya lau take fitowa a cikinta.

Jaririn kilo uku jininsa duka wajen mililita 250 ne, rabin ledar fiya wata. Cokalin cin abinci biyu ya wuce kashi goma cikin ɗari na jininsa. Idan cibiya ko tsaga tana zuba, a danne da tsumma mai tsabta minti goma ba ɗagawa, kada a sa toka ko gari ko man goge baki, a kama hanyar asibiti ana danne. Idan daga baki ne, a kwantar da shi ta gefe don kada jinin ya shaƙe shi, a tafi nan take, kuma a gaya wa likita ko an yi masa allurar bitamin K ko ba a yi ba.